Yadda Ake Rayuwa da Ciwon Suga Nau'i na Ɗaya Ba Tare da Ya Cinye Ranakun Mutum Ba

Ƙanwata tana da shekara goma sha ɗaya muka lura ba ta ƙoshi da ruwa. Sai ta sha kofi uku a jere, ta tashi fitsari sau huɗu cikin dare, ga ci tana yi amma kullum ramewa take ƙara yi. Ranar da aka gwada jininta aka ce ciwon suga ne nau'i na ɗaya, muna hanyar komawa gida ta juyo ta ce min, "Yaya, wai zaƙin da nake sha ne ya jawo min?" Na ce mata a'a. Duk wanda aka gaya wa yana da wannan lalura ya kamata ya fara jin wannan amsar kafin a yi masa maganar allura.

Garkuwar jiki ce take kuskure, ta afka wa ƙwayoyin da ke samar da insulin a cikin fankiriyas, wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, har ta ƙarar da su. Insulin shi ke shigar da suga daga cikin jini zuwa tsoka da sauran sassan jiki. In babu shi, suga sai ya taru a jini alhali jiki na fama da yunwa. Shi ya sa ƙwayar da ake ba masu nau'i na biyu ba ta maye gurbin allura a nan, haka ma duk wani jiƙo da za a yi maka tallarsa. Kafin 1921, lokacin da Frederick Banting da Charles Best suka ciro insulin a birnin Toronto na Kanada, yaron da ya kamu ba ya daɗewa a duniya. A Janairun 1922 aka yi wa Leonard Thompson, ɗan shekara 14, allurar farko. Yau kuwa Sonia Sotomayor, wadda ke da ciwon tun tana shekara 7, alƙaliya ce a Kotun Ƙolin Amurka, kuma Nacho, da ya ɗaga kofin Zakarun Turai a matsayin kyaftin ɗin Real Madrid a 2024, yana tare da shi tun yana ɗan shekara 12.

Abin da zan jero a nan shi ne yadda ake mayar da kulawar ta zama aikin hannu da mutum ya saba, don hankali ya samu sararin yin karatu, sana'a da wasa. Yawan yunit ɗin da za ka yi kuwa, wato ma'aunin da ake ƙirga insulin da shi, wannan tsakaninka ne da likitanka.

Mataki na farko: ka san allurarka kamar yunwar cikinka

Jiki na buƙatar insulin iri biyu. Akwai na tushe, mai aiki a hankali dare da rana ko da ba ka sa komai a baki ba. Akwai kuma na abinci, wanda ake yi don abin da za a ci ko don sauko da sugan da ya hau. Mai saurin aiki yakan fara kamawa cikin kimanin minti 15, ya ƙare bayan awa uku zuwa biyar. Tsohon samfurin nan mai haske kamar ruwa yana son a yi shi wajen rabin awa kafin ci. Mai launin madara kuma sai an murza kwalbar a tafin hannu a hankali har ya gauraye, ba a jijjiga shi da ƙarfi. Ka tambayi likita sunan kowanne, ka rubuta a takarda, ka liƙa wa kowace kwalba alamar da ba za ka rikita ba ko cikin magagin barci.

In sirinji kake amfani da shi, duba lambar da ke jikinsa. Insulin mai ƙarfin U-100 sai da sirinjin U-100, na U-40 ma da nasa. Haɗa wannan da wancan na sa mutum ya zuba wa kansa fiye da kima ko ƙasa da kima bai sani ba. In alƙalamin insulin ne, bayan ka ɗaura tsinin allurar ka ɗaga shi sama ka fitar da yunit 2 har ka ga ɗigo, don iska ta fita. Ka soka, ka danna har ƙarshe, ka ƙirga goma kafin ka zare.

Wurin da ake sokawa shi ne inda mu muka yi sake. Ana yi a ciki, nesa da cibiya da faɗin yatsu biyu ko uku, da gefen cinya, da bayan dantse, da saman ɗuwawu. Ƙanwata ta gano wani wuri a cinyarta ta dama da ba ya yi mata zafi, ta riƙe shi wata da watanni. Sugan ya riƙa hawa da sauka ba tsari, muka yi ta zargin abinci. Sai wata ma'aikaciyar jinya ta ce mata, "Ɗiyata, nuna min inda kike yi." Ta shafa wurin da tafin hannu, ta kamo hannuna ta ɗora. Wani tudu ne mai tauri kamar roba a ƙarƙashin fata. Kitse ne ya taru saboda yawan suka a wuri ɗaya, kuma insulin ɗin da ya shiga nan ba ya narkewa yadda ya kamata. Saboda haka kowace suka ka matsa da faɗin yatsa ɗaya daga ta baya, ka riƙa zagayawa, ka shafa wuraren da hannu sau ɗaya a mako. In ka bar tudu ka koma lafiyayyar fata, ka faɗa wa likita tukuna, domin yanzu maganin zai shiga sosai, kuma adadin da ka saba na iya yi maka yawa.

Kwalbar da ba a buɗe ba tana zama a firji, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wadda ta daskare ta lalace, ko da ta narke ta koma kamar ba abin da ya same ta. Wadda aka fara amfani da ita, yawanci tana kai kwana 28 a zafin ɗaki muddin bai wuce digiri 30 ba. Rubuta ranar da ka buɗe a jikinta. Kada ka bar ta a mota ko a bakin taga. Inda firji ba abin dogaro ba ne, akwai jakar da ake jiƙawa da ruwa tana sanyaya abin da ke cikinta.

Mataki na biyu: gwaji, da yadda ake karanta lamba

Wanke hannu da sabulu ka busar kafin ka soki yatsa. Ragowar zaƙi a yatsa na iya ɗaga lamba ta ƙarya, ka yi allurar da ba ka buƙata. Soki gefen kan yatsa, ya fi tsakiya sauƙin zafi.

Wasu na'urorin suna auna da mg/dL, wasu da mmol/L. In ka raba ta farko da 18 ka samu ta biyu. Lambobin suga da zan kawo a nan duk da mg/dL ne: ga yawancin manya ana so a ga 80 zuwa 130 kafin cin abinci, da ƙasa da 180 awa ɗaya zuwa biyu bayan ci. Ƙasa da 70 faɗuwa ce. Akwai kuma gwajin HbA1c da ake yi a asibiti bayan kowane wata uku ko makamancin haka, wanda ke nuna matsakaicin suga na watanni biyu zuwa uku, kuma ga mafi yawan mutane ana neman ƙasa da kashi 7. Mai amfani da 'yar na'urar da ake mannawa a fata tana aunawa dare da rana, abin da ake nema masa shi ne ya zauna tsakanin 70 da 180 fiye da kashi 70 cikin ɗari na lokacinsa. Ka lura, ba a ce ɗari bisa ɗari ba. Ita wannan na'urar ruwan da ke ƙarƙashin fata take aunawa, don haka takan yi jinkirin 'yan mintoci a bayan jini. In abin da ta nuna ya saɓa wa abin da kake ji a jikinka, soki yatsa.

Me ya sa ake wannan wahala? Wani babban bincike da aka yi a Amurka da Kanada kan mutum 1,441, aka fitar da sakamakonsa a 1993, ya nuna cewa waɗanda suka riƙe sugansu kusa da daidai sun rage haɗarin fara lalacewar ido da kashi 76, na jijiyoyi kuma da kusan kashi 60. Wato makanta da yanke ƙafa da ake tsoratar da mutane da su ba wajibi ba ne su zo.

Ka ajiye littafi: lokaci, lamba, abin da ka ci, yunit nawa, da wani abu da ya faru, kamar zazzaɓi, jarrabawa, gudu ko jinin al'ada. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Amma in kwana uku a jere suga ya hau da asuba, ko ya faɗi ƙarfe huɗu na yamma, to ga abin da za ka kai wa likita. A gidanmu mun hana faɗin "sugan ya yi kyau" ko "sugan bai yi kyau ba". Sai dai "ya hau" ko "ya sauka". Ƙaramin abu ne, amma tun da muka sauya harshe ta daina ɓoye mana lambobinta.

Mataki na uku: faɗuwar suga

Wannan ne abin da ke hana iyaye barci, don haka zan tsaya a kansa. Alamunsa sanannu ne: rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai zuwa gaba ɗaya, jiri, saurin fushi, magana ta fara harhaɗewa. Ƙanwata takan yi shiru ta ƙura wa wuri ɗaya ido, leɓenta ya yi fari. Kowa da yadda tasa ke zuwa, kuma na kusa da mutum sukan riga shi ganewa.

In ka ji alamar, gwada in da hali. In babu na'ura a kusa, ka yi magani kawai. Sha ko tauna giram 15 na suga mai saurin shiga jini: ƙaramin cokali huɗu na suga a cikin ruwa, ko rabin kofin ruwan 'ya'yan itace, ko rabin kofin lemon kwalba mai suga, ko ƙwayoyin gulukos huɗu. Ƙaramin yaro ƙasa da haka yake buƙata, likita zai faɗi nasa. Zauna. Jira minti 15, ka sake gwadawa. In har yanzu yana ƙasa da 70, maimaita. In ya dawo daidai kuma lokacin cin abinci da saura, ci ɗan abu mai sitaci don kada ya sake zamewa. Cakulan da duk abu mai maiƙo ba su dace da wannan lokacin ba, domin mai na jinkirta shigar suga.

Mintuna goma sha biyar ɗin nan suna da tsawo. Jiki yana ta neman a ƙara, mutum ya cinye duk abin da ya gani, bayan awa biyu kuma suga ya kai 300. Ka auna abin ceton tun kana lafiya, ka ɗaure shi ƙulli-ƙulli, ka ajiye a gefen gado, a jaka, a wurin aiki.

In mutum ya suma, ko yana farfaɗiya, ko ba zai iya haɗiya ba, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a yi masa allurar gulukagon, maganin da ke ɗaga suga cikin gaggawa, ko na fesawa a hanci in akwai, a nemi asibiti nan take. Ka koya wa aƙalla mutum biyu wannan: ɗaya a gida, ɗaya a makaranta ko wurin aiki. Ka riƙa ɗaukar kati ko abin hannu da ke nuna kana da ciwon, domin wanda sugansa ya faɗi sosai yakan yi kama da wanda ya bugu, kuma mutane na iya wuce shi.

Mai tuƙi ya gwada kafin ya tayar da mota. In yana ƙasa da 90, ya ci wani abu tukuna. In faɗuwar ta kama shi a hanya, ya tsaya, ya kashe inji, ya yi magani, ya ba ƙwaƙwalwarsa kamar minti 45 bayan sugan ya dawo. Wanda kuma ya daina jin alamun gaba ɗaya, sai dai ya ga 50 a na'ura yana zaune lafiya lau, ya gaya wa likita da wuri. Yawan faɗuwa ne ke kashe alamun, kuma sukan dawo in aka yi 'yan makonni ana kauce mata.

Mataki na huɗu: ranar rashin lafiya

Kuskuren da ya fi kai mutane gadon asibiti shi ne tunanin cewa tunda ba a ci abinci ba, ba a buƙatar allura. Zazzaɓi da ciwo suna ɗaga suga ne. Insulin na tushe ba a tsayar da shi ko da mutum yana amai. In aka tsayar, jiki sai ya koma ƙona kitse, wani sinadari da ake kira kiton ya taru, jini ya yi tsami, kuma wannan na iya kisa cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki.

Saboda haka in ba ka da lafiya, gwada suga kowace awa biyu zuwa huɗu, har cikin dare. Sha ruwa kaɗan-kaɗan ba yankewa. In ba ka iya ci kuma sugan yana sauka, kurɓi abu mai zaƙi. In sugan ya wuce 250, ko kana amai, gwada kiton da takardar fitsari ko na'urar jini. A jini, kiton ƙasa da 0.6 daidai ne. Daga 1.5 zuwa sama ka nemi likita yanzu-yanzu. In ya kai 3.0, asibiti kai tsaye. Haka ma in amai ya ƙi tsayawa, ko ciki na ciwo, ko numfashi ya yi zurfi da sauri, ko baki na warin 'ya'yan itace da suka nuna suka zarce, ko mutum ya fara rikicewa. Ka roƙi likita ya rubuta maka tsarin irin wannan rana tun kana garau, da yawan ƙarin insulin ɗin da za ka yi, ka liƙa takardar inda kowa zai gani.

Mataki na biyar: ci da motsa jiki

Mai wannan ciwon ba sai an yi masa tukunya dabam ba. Abin da zai koya shi ne ƙiyasta sitaci da sugan da ke cikin farantinsa, sannan ya daidaita allura da shi bisa lissafin da likita ko masanin abinci ya fitar masa. Da farko a auna da kofi ko sikeli, a karanta bayan fakiti. Bayan 'yan watanni ido zai saba. Abinci mai maiƙo da yawa yakan ɗaga suga a makare, sa'o'i bayan an ci. In suga ya hau bayan ci, kada ka yi ta ƙara allura a kan allura. Ta farkon tana nan tana aiki har awa uku zuwa huɗu, in suka haɗu sai su kayar da kai.

Motsa jiki kuma ka yi shi, kada tsoro ya hana ka. Gwada kafin ka fara, in yana ƙasa da 90 ci wani abu, ka riƙe suga a aljihu. Kada ka yi allura a cinya in gudu za ka yi, domin tsokar da ke aiki tana jan maganin da sauri. Abin da mutane ke mantawa shi ne faɗuwar na iya zuwa cikin dare bayan wasan yamma, don haka gwada kafin ka kwanta. In suga ya hau sosai kuma akwai kiton, ranar a haƙura da wasa.

Mataki na shida: zuciya

Wannan ciwo ba ya ba da hutu. Akwai lokacin da mutum zai gaji, ya daina gwaji, ya riƙa yin allura da ka, ya ƙi zuwa asibiti don kada a yi masa faɗa. Ƙanwata ta shiga irin wannan tana shekara sha shida, lokacin da balaga ta sa buƙatar insulin ɗinta ta ƙaru kuma lambobi suka ƙi jin magana. Wata rana ta ajiye na'urar a gabana ta ce, "Yaya, na gaji. Duk wanda ya gan ni sugana yake tambaya, ba wanda ke tambayata ni." Gaskiya ta faɗa, kuma ni ne na fi kowa laifi. Tun daga ranar in ta dawo makaranta sai na fara tambayarta yadda ranar ta kasance.

In kai ne ka gaji, kada ka yi ƙoƙarin gyara komai rana ɗaya. Riƙe abu biyu kacal: allurar tushe, da gwaji kafin barci. Ka faɗa wa likita a fili cewa ka gaji, domin abu ne da suka sani kuma suke da hanyar taimakawa. In baƙin ciki ya wuce mako biyu, ko ka fara rage insulin da gangan don ka rame, wannan ya zama abin neman taimako na gaggawa. Nemi wani mai irin ciwon ku riƙa magana. Hira da wanda ya san yadda 55 take ji a jiki tana sauke nauyin da nasiha ba ta saukewa.

Ku kuma 'yan uwa, ku daina sa ido a farantinsa a gaban mutane, ku daina ba shi labarin wanda aka yanke wa ƙafa. Ku tambaye shi irin taimakon da yake so.

Mataki na bakwai: abin da ake dubawa shekara-shekara, da jakar bakin ƙofa

Daga kimanin shekara biyar da kamuwa, a riƙa duba bayan ido, da fitsari don lafiyar ƙoda, da jijiyoyin ƙafa, sau ɗaya a shekara ko yadda likita ya tsara. Hawan jini a kowace ziyara. A duba tayirod, wata gaɓa da ke gaban wuya, lokaci-lokaci, domin garkuwar da ta taɓa fankiriyas takan taɓa shi. Sigari na ninka ɓarnar da suga ke yi wa hanyoyin jini, a bar ta. Mace mai wannan ciwon tana aure tana haihuwa lafiya, sai dai shirin yana farawa ne kafin a samu ciki: a sauko da HbA1c, a fara shan bitamin ɗin da ake kira folik asid, a duba ido da magungunan da take sha.

Abu na ƙarshe shi ne jaka guda da ba a fita sai da ita: insulin iri biyun, allurai fiye da buƙatar ranar, na'ura da takardun gwajinta, batir, ƙullin suga uku, takardar gwajin kiton, da kati mai ɗauke da sunan magunguna da lambar wanda za a kira. In tafiya ce ta kwanaki, ɗauki ninki biyu na abin da ka ƙiyasta, ka raba shi jaka biyu. In jirgin sama ne, insulin ya zauna a hannunka tare da wasiƙar likita, domin a ɗakin kaya yana iya daskarewa, ko akwatin ya ɓace. Ƙanwata tana rataye tata a ƙusa kusa da ƙofa, kuma kowane daren Asabar takan zazzage ta a kan gado, ta duba ranar ƙarewar kowane abu, ta mayar da ƙullin sugan da ta cinye cikin makon.